Ɓarawon Ruwa a Gonar Albasa

Ni na fasa datsin, kuma da gangan. An ce in yi kamar zan fasa, ni kuwa na ga "kamar" ba ta isa ta kai ni talbijin ba.

Kawuna ya yi shekaru yana wasan kwaikwayo a Sakkwato, sai ya dawo Goronyo ya kafa kamfaninsa: kyamara ɗaya, buhun tufafi, da 'yan wasa bakwai masu ganin kansu taurari. Wata guda ina binsa kamar jela. Ko tuwo na kasa zama in ci, ina gwada kuka gaban madubin Inna. Da na ishe shi da naci, ya ce in fito a ɓarawon ruwa, wanda ke karkatar da ruwan madatsa zuwa gonarsa kafin layinsa ya zo. Ya ce in na ɓata, fim ɗina na farko shi ne na ƙarshe.

Wani dattijo daga Taloka ya ara mana gonarsa. Kwana goma ke nan da ya yanke wa albasarsa ruwa don ta bushe a cire, domin wadda ta sha ruwa a lokacin ruɓewa take a ajiya. Kowane ɗan Goronyo ya san haka. Ni ma na sani, amma kyamara na kallona.

Na ɗaga hauya na sari datsin da ya tare wa gonar ruwa. Ruwa ya shiga fangali kamar an buɗe Gulbin Rima dukansa.

"Wanga yaro, mi ka yi?" in ji dattijon. Ya cire takalmi ya biyo ni. Na tsallake fangali uku, na rantse ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba. Kawu yana toshe datsi da babbar rigar da mai fitowa a sarki ke sawa, mai kyamara kuwa bai daina ɗauka ba.

Da aka kamo ni, Kawu ya durƙusa yana ba da haƙuri. Dattijon ya ce ba zai kore mu ba, amma ni zan cire albasar in shanya ta. Kwana biyar ina juya ta a rana, ina leƙen inda ake ɗaukar fim ba ni.

Fangali biyu suka ruɓe. Fim ya fito da gudun nan a ciki, amma ƙeyata da dugadugaina kawai ake gani. Kawu bai sake sa ni ba.