Kabewar da Delmar Ya Bar wa Verlene

Delmar Rohleder ya yi shekara talatin da huɗu yana raba wasiƙu a gonakin yammacin garinmu, nan Kansas. Daga wannan akwati zuwa wancan, ya tsaya, ya miƙa hannu, ya ja gaba. Karnukan hanyar sun san shi har sun daina yi masa haushi. Ni kuwa awon motocin hatsi nake yi a rumbun gari, shinge ɗaya ya raba gidajenmu, shi ya sa na san abin da zan faɗa.

Mutum ne marar hayaniya. In ka gaishe shi sai ya taɓa bakin hularsa, ya gama amsawa ke nan. Amma ranar Asabar wani Delmar ne daban. A tsohon filin jirgin sama da ke bayan gari ake tseren kwatan mil, mota biyu-biyu, kuma a can za ka gan shi cikin koriyar Plymouth mai ƙofa biyu, ta shekarar saba'in. Ya buɗe injinta ya faɗaɗa, ya sauya mata ciki har in tana tsaye ma rawar jiki take yi.

Motar ba tasa ba ce. Matarsa Verlene ce ta saye ta tun tana budurwa, lokacin tana sayar da yadi a babban titi. Mutanen gari kan ce motar ya fara gani kafin ya ga mai ita. Verlene ta ce gaskiya ne, kuma ba ta damu ba, tunda dai ya ɗago kai daga baya.

Mutanenmu ba su iya zama fuska da fuska su yi magana mai nauyi ba. Sai a mota, kowa idonsa na kan hanya. Verlene a gida ba ta wuce "abinci ya yi" ko "cire takalman nan". Amma ranar Lahadi, in an tashi daga coci, sai su kama hanyar arewa, ita a dama, hannunta ɗaya a bakin taga, bakinta ya buɗe. A cikin motar nan ta gaya masa tana da ciki. A ciki ta yi kukan mahaifiyarta, wata uku bayan jana'iza. Delmar ya taɓa ce mini duk abin da ya sani game da matarsa, a gudun mil sittin ya ji shi. Ƙasa da sittin ba ta yarda, ta ce gonaki ba sa tafiya yadda ya kamata.

To, motar da ke tsere ranar Asabar ba za ta yi yawon Lahadi da haƙora iri ɗaya ba. A tsakiyar aksil ɗin baya, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya biyu, akwai dunƙulen ƙarfe mai haƙora a ciki, mu kabewa muke ce masa. Shi ke yanke sau nawa farfela, sandar da ke kai juyin inji zuwa baya, za ta juya kafin taya ta juya sau ɗaya. In juyin ya yi yawa, mota ta zabura daga tsaye kamar an tsikare ta, amma a doguwar hanya inji ya yi ta ihu. In ya yi kaɗan, ta tashi da nawa, ta tafi da sanyi. Delmar kabewa biyu gare shi. Ta Asabar huɗu da hamsin da shida, wato juyi huɗu da rabi da ɗan ɗoriya. Ta Lahadi uku da hamsin da biyar. Juma'a da yamma ya kwanta ƙarƙashin mota ya ɗora ɗaya, Asabar kafin rana ta faɗi ya sauke ta ya mayar da ɗayar. Shekara arba'in haka, ƙarfen da ya kai nauyin ɗan maraƙi yana sauka a ƙirjinsa sau biyu a mako.

Shekarar da ya cika saba'in da huɗu abu biyu suka haɗu. Kafaɗarsa ta dama ta ƙi, likita ya ce ya gama ɗaga abu mai nauyi. Ita kuma Verlene aka yi mata aiki a maƙogwaro cikin watan Maris. Ta warke, amma muryar da ta dawo da ita 'yar ƙarama ce, kamar iska in ta ratsa alkama kafin ta nuna.

Lahadin farko da suka fita, yana ganin leɓenta na motsi, amma saboda ƙarar inji bai ji ko kalma ɗaya ba. Sai ya riƙa gyaɗa kai. Da suka tsaya a ƙofar gida ya kashe inji, ina tsaye a shinge na ji ta ce, "Me na ce maka, Del?"

"Kin ce alkama ta yi kyau bana."

"Mil goma sha biyu kana gyaɗa mini kai kamar doki."

Lahadin da ya biyo baya sun fita, amma ba ta buɗe baki ba har suka dawo. Na uku ma haka. Ranar Litinin ya leƙo ta shinge ya ce, "Otis, na daina jin matata."

Muka tafi wajen Clete Dinkel, mai filin matattun motoci a bakin gari. Shi ne abokin hamayyarsa a filin tsere tun suna da gashi a ka.

"Ka ɗauke ta a a-kori-kura mana," in ji Clete. "Tana tafiya shiru kamar gawa."

"Na gwada. Ta ce ita ba buhun taki ba ce."

"To ka saya wa kunnenka na'ura, tsoho."

"Kunnena lafiya lau. Ina jin ƙarar injinka yana cin kansa tun daga nan."

Clete ya yi dariya, ya tofar da tsinken da ke bakinsa. Da farko salansar motar suka sauya, suka sa mai kauri. Ƙarar ta ragu, amma bai isa ba. Saura kabewa. Kuma tunda yanzu ni da Clete ne masu ɗagawa, mu ma ba yara ba, duk wadda aka zaɓa ita za ta zauna a motar.

Delmar bai yarda da lissafin takarda ba. Ya ɗauko littafin tallan irin shuka da ake aiko wa kowa da bazara, guda biyu. Ɗaya a hannun Verlene, ɗaya a hannuna a kujerar baya. A gudun sittin za ta karanta sunayen tumatir guda goma, shi ya maimaita abin da ya ji, ni in sa alama. Verlene ta dube mu ta ce ba ta taɓa ganin shirme irin wannan ba, sannan ta je ta ɗauko tabaranta.

Da uku da hamsin da biyar ya ci uku cikin goma, ɗaya ma ina zaton leɓenta ya kalla.

Clete ya ce magana ta ƙare, a sa mafi sanyi kawai. Yana da biyu da saba'in da shida, daga wata tsohuwar motar iyali. Muka ɗora ta, muka fita. Daga waje kam motar ta yi laushi, amma a ciki wani gurnani ya taso daga ƙarƙashin kujeru, mai zurfi, irin wanda kake ji a haƙoranka kafin kunnenka. Injin da aka gina don gudu ba ya son a riƙe shi ƙasa-ƙasa haka. Gurnanin ya zauna daidai inda muryar Verlene take, ya haɗiye ta. Ko ɗaya Delmar bai ci ba. Ni ma da nake bayan wuyanta ban ji ba.

Da muka dawo ta ajiye littafin a kan kujera ta shiga gida. Delmar ya daɗe zaune riƙe da sitiyari.

"Ɗaya ta yi ihu, ɗaya ta yi gurnani," ya ce. "Akwai wuri a tsakani. Muryarta tana nan a wani wuri, Otis."

Uku da ashirin da uku ake nema, Clete kuwa ba shi da ita. Delmar ya rufe ido ya bi tsohuwar hanyar wasiƙunsa a ka, akwati bayan akwati, har ya tsaya a gonar wata gwauruwa, mil goma sha tara daga gari. Ya ce akwai mota a bayan bishiyoyinta tun mijinta na da rai.

Tana nan kuwa, ciyawa ta fito ta cikin gilas, kaji sun yi ƙwai a kujerar baya. Babu wata alama a jikin kabewar da za ta nuna yawan juyinta. Muka ɗaga bayan motar da jak, Delmar ya ja layin alli a taya, ya ja wani a farfela. Ni da Clete muka juya tayoyin biyu tare, a hankali, shi yana kwance a ciyawa yana ƙirga.

"Ɗaya. Biyu. Clete, kana gaba da Otis, ba tsere ake ba. Uku."

Taya ta cika zagaye, layin farfela ya wuce uku da kusan kwata. Bai tashi nan da nan ba. Ya ci gaba da kallon ƙarfen kamar mai kallon gajimare.

Ranar Juma'a muka wanke ta, muka ɗora. Clete ya miƙe yana dafe da ƙugu.

"Wannan ce ta ƙarshe, ka ji ni? Bayana ba na gwamnati ba ne." Ya nuna kabewar Asabar da ke ajiye a kan kantar gareji. "Gobe ne tseren rufe shekara. Da waɗannan haƙoran, ko motar madara sai ta bar ka a layi. Ka ce in mayar da waccan yanzu, in mayar. Bayan yau kada ka kira ni."

Delmar ya dubi kantar. Ya goge hannunsa da tsumma, yatsa bayan yatsa.

"Ɗauke ta, Clete. Wataƙila ka ci ko sau ɗaya kafin ka mutu."

Lahadi aka wayi gari sararin sama wankakke. Dawa ta yi ja a gonaki, an girbe alkama, ƙasa ta miƙe har inda ido ya gaji. Muka fita, ina kujerar baya, allurar gudu ta hau sittin ta zauna. Injin ya wuce wurin gurnanin, bai kai wurin ihun ba, sai wani sauti siriri mai tafiya daidai, kamar ruwa a bututu. Verlene ta gyara tabarau ta karanta suna na farko. Delmar ya maimaita. Ta karanta na biyu, ya maimaita kafin ta rufe baki. Na uku ba ta karanta ba. Ta rufe littafin a cinyarta, ta ɗora hannu a bakin taga.

Sannan, idonta a kan hanya, ta ce, "Del, na ji tsoro a asibitin nan."

"Na ji ki," ya ce.

"Ba aikin ne ya tsorata ni ba. Da na farka na kira sunanka, kana zaune kusa da ni, ba ka juyo ba."

Na taɓa kafaɗarsa na ce ya sauke ni a mararrabar da ke gaba, ƙafata ta yi tsami. Ya tsaya a mararrabar. Verlene ta miƙo mini burodi mai nama da kabeji a ciki, nannaɗe a takarda, har da sauran ɗumi.

Na zauna a gindin wani turken waya ina ci. Motar ta yi arewa, tana ƙanƙancewa, zafin kwalta yana sa ta rawa kamar tana tafiya a kan ruwa. Na daɗe ina ganin kawunansu biyu ta gilashin baya, nasa ya ɗan karkata wajen nata. Sai da inuwar turken ta tsallake titi suka dawo ɗaukata, kuma da na buɗe ƙofa ba ta gama maganar ba.