Kantunan Bunkure na Bayan Katanga

Ana idar da sallar asuba muka fita, ni da maigidana da wani amininsa, muka nufi tashar motar Kura. Maigidan nan nawa ya ƙudura zai bar aikinsa na masaƙa, ya sayar da gonar da ya gada, ya buɗe kantin kayan masarufi a Bunkure. Wai tunda ruwan dam ya isa can manoma sun sami abin hannu, kuma babu mai sayar musu da komai. Ni dai tun da na ji zancen barci ya ƙaurace mini. Da ƙyar ya yarda in bi su, shi ma don na ce zan gaida gwaggona da ke aure a garin.

Ƙaramar bas ɗin nan kiya-kiya da muka shiga ta cika maƙil, har da akuya ƙarƙashin kujerata. Hanya lafiya lau har Kura. Can muka sha koko da ƙosai, ƙosan manya-manya, ba irin namu na birni ba da sai ka haɗa uku kafin ka san ka tauna wani abu. Daga nan sai motar tumatir, kan turba mai gargada gefen magudanar ruwa. Ban taɓa ganin alkama kore shar da rani ba sai ranar. Tumatir kuwa araha, saura kaɗan a roƙe ka ka ɗauka.

A Bunkure mazan suka zaga gari suna ƙidaya masu tireda. Kafin azahar suka dawo baki har kunne, wai masu teburin ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Aminin har ya zaɓi inda za a kafa kanta.

Ni kuwa ina cikin gida. Gwaggo ashe man gyaɗa da gishiri take sayarwa daga ɗakinta. Da ta zaga da ni gaishe-gaishe, sai ga maƙwabciyarta da kananzir da ashana, ta gaba sabulu da sukari, wata daddawa da barkono. Babu gidan da muka shiga da ba a ciniki. Kowace kuma da masu sayenta, dangi da surukai, ana miƙa kaya ta kan katanga.

Na ce, "Gwaggo, in baƙo ya buɗe kanti fa?"

Ta kwashe da dariya. "Haba 'yar nan! Wa zai tsallake matar wansa ya kai wa baƙo ciniki? Da wane ido za su gaisa gobe?"

Na lallaɓe ta ta maimaita wa maigidana a zaure, ta kuma jero masa gidajen ɗaya bayan ɗaya. Tun yana gardama har ya bari.

Muna sauka Kano da magariba, maigida ya ce mini ƙasa-ƙasa, don kada amininsa ya ji, gona tana nan, aiki ma yana nan. Wallahi sai da na yi hamdala don daɗi.

Na dawo da sanin cewa yawancin kasuwar ƙauye tana cikin gidaje, inda baƙon namiji ba ya shiga, balle ya ƙidaya abokan gasarsa. Da na zauna gida ranar nan, da yanzu wani ke noma gonarmu.