Halba, Waƙar 'Yan Beto

A shekarun da arzikin fetur ya sauko wa Libiya, duk inda ka waiga a Sabha gini ake yi. Ga tulin yashi, ga ƙarfen rodi, ga injin kwaɓa siminti yana hana mutum jin maganar na kusa da shi. A lokacin ne Illia ya diro daga saman wata babbar mota a unguwar Gurda, ƙunshin tufafi a hannu ɗaya, gurmi nannaɗe cikin zane a ɗayan. Mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Madawa, can Nijar. Ubansa makaɗin maharba ne, waɗanda mutanen can ke kira mahalba, don su ba sa cewa harba, halba suke cewa. Tun yana ƙarami ya san kalmar nan ba ta wasa ba ce. In ka ji an kwatsa ta a daji, ko dai ka saki kibiyarka, ko ka kwanta ƙasa kafin ta wani ta same ka.

Ba wanda ya yi masa alherin gaya masa cewa a Larabcin Libiya halba na nufin "da yawa". Ya fara lebura a wani ginin bene, ƙarƙashin wani magini Bafazzane, wato ɗan yankin Fazzan inda Sabha take, mai suna Nasr, mutum mai muryar da ba ta buƙatar lasifika. Illia na tafe da bokitin ruwa, Nasr ya leƙo daga sama ya ga kwaɓin ya yi tauri, ya daka tsawa: "Mayya! Halba, halba!" Ruwa yake so a ƙara, da yawa. Tsautsayi kuma ya sa a daidai lokacin salansar wata mota ta yi ƙara a bakin titi. Illia bai tsaya shawara da kowa ba. Ya yar da bokiti ya faɗa rub da ciki, kuma cikin duk faɗin filin nan bai sami wurin faɗawa ba sai tsakiyar kwaɓin siminti.

Da aka zaro shi, idanunsa kaɗai ake gani. Aka yi dariya har aiki ya tsaya. Larabawa suka yi, 'yan Cadi suka yi, 'yan Kano da ke wurin suka fi kowa, su da bakinsu bai taɓa cewa halba ba balle su san tsoronta. Daga ranar nan sunan da liman ya raɗa masa ya ɓace. Mai shayi Halba yake ce masa, mai burodi Halba. Har 'yan ƙasarsa, waɗanda ya kamata su rufa masa asiri, su ne suka ɗauki sunan suka ƙetare Sahara da shi. Wani da ya dawo daga ganin gida ya kawo masa saƙon matarsa Safoura: lafiya lau suke, sai dai yara sun fara kiran ɗansa ɗan Halba, kuma tsoho, mahaifinsa, ya ji labarin bai ce komai ba.

Wannan shirun na tsoho ya fi dariyar Gurda duka yi masa ciwo. Ɗan makaɗin mahalba, a ce ƙarar salansa ta kwantar da shi? Illia ya zama marar magana. Yana aikinsa, yana sallarsa, in an kira shi da sunan ya amsa don ba yadda zai yi. Abu ɗaya yake so a duniya, ya ji an ce Illia a bainar jama'a ba tare da kowa ya danne dariya ba.

Mai haɗa wutar lantarki a ginin nan wani saurayi ne, Ashur, ɗan asalin Sabha, baƙi wuluk, wanda kakarsa ke iya ƙirga goma da Hausa. Ya yi zaman Tarabulus, ya dawo da suma kamar kwando, da wando mai share titi, da jita mai amfani da wuta. Kiɗan rok ya shiga jininsa. Ya samu mai ganga, Djibrilla, Bazabarme mai Hausar kasuwa, wanda ya haɗa gangunansa da hannunsa daga garewanin fenti da fatar akuya. Suna da ƙara, wannan kam maƙwabta shaida ne. Waƙa ce ba su da ita.

Wata Juma'a bayan la'asar Ashur ya biyo ta gidan leburori ya ji gurmi na kuka a bayan katanga. Ya leƙa ya ga Illia.

"Ya Halba, ashe kana da wannan?" in ji shi, cikin Larabci gauraye da 'yar Hausar da ya tsinta a wurin aiki.

Illia ya nannaɗe gurminsa. "Ba ni da komi. Tahi abinka."

Ashur bai tafi ba, kuma washegari ma ya dawo. Mutum ne mai naci irin na ƙuda. A ƙarshe ya jawo waya ya maƙala wa gurmin wani ɗan ƙarfe, ya ce a taɓa. Illia ya taɓa tsirkiya ɗaya, sautin ya fito daga akwatin lasifika ya kori tantabarun da ke kan rufi. Ya daɗe yana kallon yatsansa. Da Ashur ya ce masa sunan kiɗan rok a bakin Turawa dutse yake nufi, sai Illia ya ce, "Mu ina munka ga dutsi nan? Beto muka zubawa." Beto shi ne kankare a bakin 'yan Nijar. Haka ƙungiyar ta samu suna 'Yan Beto.

Waƙoƙin duk daga bakin Illia suka fito, kuma kusan kowace mutane sun yi mata fassarar da ba tata ba. Akwai "Mai Sanyin Samnu", wadda samarin unguwar Sukra suka rantse wata budurwa ce aka ɓoye sunanta, har ana nuna gidaje. Ba budurwa ba ce. Illia ya taɓa yin wata guda yana ban ruwa a wata gonar dabino a ƙauyen Samnu, inda injin rijiya ke bugawa tun asuba, kuma bugun injin nan ne Djibrilla ke kwaikwayo da ganga. Mai sanyin da ake wa kirari ruwa ne, wanda ke fitowa daga bututu ya zubo wa lebura a ƙeya da tsakar rana. Duk wanda ya taɓa yini a ranar Fazzan ya san wannan ma soyayya ce.

Akwai kuma "Takalmin Attahirou", wadda aka fi rawa da ita. Attahirou abokin tafiyar su Illia ne, takalminsa ɗaya ya faɗo daga saman mota a tsakiyar rairayi, direba ya ƙi tsayawa. Ya riƙe ɗayan har Sabha, ya ƙi yarwa, wai ko wani na baya zai tsinto masa ɗan'uwan. Larabawa na tsalle da ita, amma 'yan ci-rani in an kai wurin da ake cewa "ɗaya na nan, ɗaya na can", sai ka ga rawar wasu ta yi sanyi. Kowa a cikinsu ya bar rabinsa a wani wuri.

Ƙungiya ta yi suna. Ana kiransu biki, ana kiransu suna, ana ɗaukar kiɗansu a kaset ana sayarwa a kasuwa ba da saninsu ba. Illia ya shekara ashirin da wani abu a Sabha, ya zama magini da kansa, ya kawo Safoura, daga baya ya koma gida ya buɗe shagon kayan gini. Amma wannan duk daga baya ne. A lokacin da nake ba da labari, sunan da ƙungiyar ta yi ƙara masa ciwo ya yi, don ba wanda ke cewa 'Yan Beto. Ƙungiyar Halba ake cewa. Da can unguwa ɗaya ke kiransa haka, yanzu gari guda.

"Yi waƙa da shi mana," in ji Djibrilla wata rana suna gwaji. "Mutane yana son wannan suna. Kai ka ba shi."

"In yi waƙa da abin kunyata? Kai dai ba ka da hankali."

"Kunya ya riga ya fita. Saura waƙa."

Maganar ta zauna wa Illia a rai. Sai ga Nasr da kansa ya zo, ƙanensa zai yi aure a Sukra, yana son ƙungiyar Halba, kuma ya riga ya gaya wa dangi labarin siminti don su san wanda za su gani. Ba da mugunta ya faɗa ba, shi a ganinsa talla ya yi musu. Illia ya ji kamar ya haɗa kayansa ya bi motar Agadas. Maimakon haka ya kira Ashur gefe, ya ce ya koya masa duk abin da Balibiye ke cewa halba a kansa. Suka yi kwanaki suna abu ɗaya, Ashur na ba shi Larabci, shi yana nemo masa abokin zama a Hausa.

Ranar bikin an kafa rumfa a titi, an shimfiɗa darduma, an ci an ƙoshi. Larabawa na gaba a kan kujeru, leburori na tsaye a baya, mata na leƙe ta saman soro. Rana ta yi sanyi. Tun kafin a jona waya wani ya ƙwala "Halba", aka yi dariya, Nasr na nuna shi da yatsa yana yi wa wani tsoho bayani. Illia ya gyara riƙon gurminsa. Suka yi waƙar Samnu, suka yi ta takalmi, sannan ya ɗaga wa Djibrilla kai.

Ganga ta shigo da gudu, jita ta bi ta, gurmi ya hau kansu da taken mahalba, wanda ubansa ke kaɗawa in za a shiga daji. Illia ya buɗe baki:

Shams halba, rana ta halba,
Shugul halba, aiki ya halba,
Shog halba, kewa ta halba.

Na gaba suka ji yana cewa rana da yawa, aiki da yawa, bege da yawa, suka gyaɗa kai, don gaskiya ce. Na baya suka ji rana ta harbe su, aiki ya harbe su, kewar gida ta harbe su, wannan ma gaskiya ce. Kalma ɗaya, rumfa ɗaya, kowa ya ɗauka da shi ake. Da aka zagayo amshi, gaba da baya suka ce halba tare, kuma karon farko ba wanda ya yi dariya.

Sai ya ba da labarin da bakinsa. Ya sa bokiti, ya sa salansa, ya sa simintin da ya shiga masa har kunne, baiti da Hausa, Ashur na maimaitawa da Larabci. Nan aka yi dariya, sosai ma, amma shi ya buɗe mata ƙofa, kuma shi ya rufe ta da bugu ɗaya na gurmi. Ya faɗi garinsu, ya faɗi sana'ar ubansa, ya ce a gidansu wanda ya ji halba ya tsaya a tsaye shi ake kaiwa kushewa. Tsohon da ke kusa da Nasr ya daina murmushi, ya juya ya dubi Nasr.

Kiɗa ya sauka ƙasa, ganga kaɗai ta rage. Illia ya matso bakin lasifika ya tambaya, "Wa ya hwaɗi?"

Ashur da Djibrilla suka amsa, "Illia."

"Wa ya tashi?"

"Illia."

Ya sake tambaya. Leburori suka karɓe daga baya. Ya sake, Ashur ya jefa tambayar da Larabci, na kan kujeru suka karɓa, wasunsu suna tambayar juna ko wane ne Illia, ana nuna musu shi. Mata suka saki guɗa daga saman soro. Nasr ya miƙe, da muryar nan tasa da ake ji daga hawa na uku, ya faɗi sunan har lasifika ta ji kunya. Daɗi ya kama Illia har ya rasa inda zai sa kansa. Hawaye na zuba, bai share ba, don hannuwansa biyu na kan gurmi. A gefen rumfa ya hango wani ɗan ƙasarsu ya ɗaga rediyo mai kaset sama da kansa, jar fitilarta a kunne, ya san wannan ma za ta ƙetare Sahara.

A yadda suka shirya, sau kaɗan za a yi tambayar a rufe waƙa. Yatsun Ashur sun gaji, ya yi masa alama da ido. Djibrilla ya jiƙe sharkaf, ya ɗaga sanda zai yi bugun ƙarshe. Illia ya gan su sarai. Ya girgiza kai, ya juya ga jama'a, ya sake tambaya.