Sunansa Aƙilu

Kullum da hantsi yana gindin tsamiyar da ke bakin hanyar Ɗan Barto, zaune bisa buzu, fasassun ƙorai kewaye da shi. Gyartai ne. Ƙwaryar da ta tsage har gindi zai ɗinke ta, ta riƙe fura ba ɗigo. Mai wucewa ya ɗaga murya, "Ci-Kaɗai, an tashi lafiya?" Shi kuwa ya amsa, kai a sunkuye. Sunansa na yanka Aƙilu, amma ya daɗe bai ji shi a bakin kowa ba. Matarsa Tanna ta san sunan, sai dai kunya ba ta barin mace ta kama sunan mijinta.

A filin samariya ya samo laƙabin. Lokacin da matasan Matameye ke wasan kwaikwayo bayan la'asar, ba a taɓa ba Aƙilu jarumi ba. Jarumi na Shekara ne, dogo mai farin haƙori, shi ake wa guɗa. Aƙilu shi ne dogari, shi ne ɓarawon akuya, shi ne kurman mai unguwa. Ya shigo, a yi dariya, ya fita, a manta da shi. Sai shekarar da ruwan sama ya ɗauke, gero bai ko fid da kai ba, ya ƙirƙiro wani attajiri mai ɓoye hatsi. Ya kifa ƙwarya a cikinsa ƙarƙashin babbar riga ta zama tumbi, ya riƙa tafiya yana nishi, yana shafa ta. Ci-Kaɗai ke nan.

Ya iya shi har ya wuce misali. Ranar da kamiyo, babbar motar kaya, ya kawo jar dawar taimako, Aƙilu ya shiga layi kamar kowa, da ƙwaryar nan a hannu, don ita ce babba a gidansa. Wata tsohuwa daga Tsauni ta juyo ta ƙare masa kallo.

"Wa nake gani? Ci-Kaɗai a layin talakawa? Kai da rumbunanka?"

"Iya, ai wasa ne."

"Wasa? Da idona na ga ka kori marayu da sanda! Ina tumbin? Ka baro shi gida don a ce kai ma ka rame?"

Da dariya aka fara. Amma yunwa ba ta barin dariya ta daɗe. Wani ya ture shi, wani ya ce a fid da shi, waɗanda suka san gaskiya kuwa kowa na tsaron gurbinsa. Ya koma gida da ƙwarya wayam.

Tanna ta dubi ƙwaryar, ta dube shi. "Malam, don Allah ka bar wasan nan. Ya ci sunanka, yau ga shi ya ci tuwonmu."

"In na bari, wa zai faɗa? Masu kaki ke zaune a sahun gaba. Garin nan ba mai iya buɗe baki sai wanda ya kifa ƙwarya a ciki."

Da la'asar ta yi ya ɗaura ta, ya ƙara tsumma don ta zauna, saboda cikin da ake kifa ta a kai ya riga ya lotsa. Waɗanda suka ga wasan ranar sun ce bai taɓa mugunta irin wannan ba. Ya ƙirga ƙwayar gero a tafin hannu, ya lashe yatsa, ya ce wa maraya ya dawo baɗi. Masu kaki suka yi dariya har da buga ƙafa. Wani mai rumbuna da ke zaune kusa da su bai yi ba. Kafin Juma'a yara sun fara bin dokin mai rumbunan suna nishi suna shafa ciki, bayan Juma'a ya buɗe rumbu. Geron nan ne ya zama kunun yaran unguwarmu, har da 'yata Indo, da nonona ya ƙafe tana wata biyar.

Kai ne, Baba, ka ɗauki baƙin jini don 'ya'yan wasu su sha kunu. Kai ne mugun da babu mugunta a gidansa. Guɗar ta tafi wurin Shekara, kai ka tashi da tsaki.

Yanzu filin samariya shiru, sai jakai. Shekara ya tafi cin rani Kano, bai dawo ba. Sauran 'yan wasan kuwa, fari ya watsa su. Tari ya cinye muryar Aƙilu, watan jiya ya rataye ƙwaryar a bangon zaure, ya ce ya gama. Amma in la'asar ta yi yakan ajiye basilla, ya kalli wajen filin, leɓensa na motsi, kamar mai jiran a ce lokacin shigarsa ya yi. Mu ma da muka tsaya can muna dariya da ciki wofi, har yau kunnenmu na neman nishin nan.

Mun gode, Baba Aƙilu. Allah ya ba ka lafiya, ya saka maka da abin da muka kasa. Matasa, ku koyi tsayawa inda ba a guɗa. Ku kuma iyaye mata 'yan'uwana, ku daina tsorata yara da "ga Ci-Kaɗai nan". Ku koya musu sunansa tun yana da kunnen ji.

Shekaranjiya Indo ta durƙusa gabansa, ta ce, "Ina kwana, Baba Aƙilu?" Bai ɗago ba. Ta sake faɗa. Ya waiwaya bayansa, yana neman wanda ake gaisarwa. Sannan basillar ta tsaya a hannunsa.

"'Yar nan," ya ce, murya a dishe, "ƙara faɗa in ji."