Malam Idi da Dashen Mangwaron da Ya Ƙi Sallamawa

Ina tsakiyar kasuwar Tsanyawa, ina cinikin irin gyaɗa, wayata ta yi ƙara. Ƙanen Malam Idi ne. Bai tsaya gaisuwa ba, ya ce, "Malam, abokinka ya cika." Na yi salati, na ajiye kwanon da ke hannuna, na nemi gindin rumfa na zauna. Na san Malam Idi yana kwance, amma ciwon da aka ce zazzaɓi ne ban taɓa kawo masa mutuwa ba.

Tare muka koyar a firamaren ƙauyenmu shekaru masu yawa, shi yana aji biyar, ni ina na kusa da shi. Ta bango nake jin muryarsa. Ba mai duka ba ne, ba kuma mai gaggawa ba. Idan yaro ya kasa lissafi, yakan ja benci ya zauna kusa da shi har sai abin ya shiga, ko da sauran sun tashi tara. Wannan halin ne ya kai bayan gidansa, inda ya kafa 'yar rumfar kara ya jera ledoji cike da ƙasa.

A nan yake auren mangwaro. Zai shuka ƙwallon na gida, idan ya tasa sai ya tsaga kansa da reza, ya sa reshen mai kyau a ciki, ya ɗaure da leda, ya jira su haɗe su zama itace ɗaya. Sha'awa ce kawai ta kai shi. Bayan la'asar yake yi, idan ya dawo daga gona. Da farko kyauta yake rabawa. Rabin inuwar da ke harabar makarantarmu daga hannunsa ta fito. Da labari ya bazu, wani ya ɗora hoton dashensa a zauren manoma na waya, sai mutane suka fara kira daga Bici, daga Minjibir, har daga birni, suna ba da kafin alƙalami don a ajiye musu.

Duk wanda ya kira, magana ɗaya yake fara gaya masa: "Ni malamin makaranta ne mai wasa da itace, ba kamfani ba ne. Zan faɗa maka lokacin da nake sa rai, amma itacen bai san mun yi magana ba." Kowa yakan ce ya ji, ya yarda. Sai ranar ta wuce ake gane wanda ya ji da gaske.

Bazarar bara ta zo da zafin da ya ƙona masa fiye da rabin auren da ya ɗaura. Rijiyar gidan ta ja baya, sai da jarka a bayan keke yake kawo ruwa. Dole ya sake daga farko. Bai ɓuya ba, bai kashe waya ba. A gabana ya zauna a kan tabarma yana kiran mutane ɗaya bayan ɗaya, yana cewa, "Abin ya lalace a hannuna. In za ka jira, to. In ba za ka iya ba, ga abinka." Yakan ce mai jira yana da hakkin a gaya masa gaskiya tun kafin ya tambaya.

Cikin masu jiran akwai wani Alhaji daga birni da ya sayi fili zai yi lambu. Da ruwa ya sauka, sai ga shi da a-kori-kura har ƙofar gida. Ina nan ranar. Ya leƙa rumfar, ya ga ganye kore shar, ya ce a fara lodi.

Malam Idi ya ce, "Alhaji, ba su kama ba. Ganyen da kake gani na yaudara ne. Kafin ku kai titi girgizar mota za ta raba su."

"Ina ruwanka? Na biya. Idan sun mutu, nawa ne suka mutu."

"Naka ne za su mutu, amma hannuna za a ce. Kuma kai za ka yi shekara kana ba kara ruwa. Ba zan ba ka ba."

Alhajin ya ɗaga murya har maƙwabta suka fito. Malam Idi ya shiga ciki, ya fito da kuɗin da Alhajin ya ba shi, ya miƙa masa da hannu biyu, ya kuma ba shi haƙuri a kan man da ya ƙona. Motar ta koma wayam. Washegari aka wayi gari da saƙon murya yana yawo a zauren nan, ana kiran abokina ɗan damfara. Mutanen da ba su taɓa ganin fuskarsa ba suka yi ta tofa albarkacin bakinsu. Na fusata, na ce ya bar ni in mayar da martani. Ya hana ni. Abin da ya rubuta da kansa gajere ne: ya amsa cewa ya saɓa lokaci, ya faɗi dalili, ya ce ƙofarsa a buɗe take ga duk mai son zuwa ya gani da idonsa. Amma na san abin ya ci shi. Ya daɗe bai zo majalisarmu ta gindin ɗorawa ba.

To, yau ba ya nan da zai hana ni, don haka zan faɗa. Wanda ya ba da kuɗinsa yana da damar ya tambaya, yana da damar ya gaji, yana da damar ya karɓi abinsa. Ba shi da damar ya ɓata sunan mutumin da ya gaya masa gaskiya. Mun saba da kayan kanti, a danna waya a kawo, har mun manta akwai abin da mutum ɗaya ke yi da yatsunsa bayan ya gama aikin yini. Kuna son abin hannu saboda ya fi na kasuwa, sannan kuna son ya fito da saurin inji. Malam Idi ya makara, wannan gaskiya ne. Bai taɓa cutar kowa ba, kuma duk mai cewa ya cuta, ya zo ya faɗa a gabana.

Akwai waɗanda suka jira. Wata tsohuwa daga wajen Minjibir ta nemi guda biyu saboda jikokinta. Duk sanda ya kira ta don ya ba ta haƙuri sai ta ce, "Malam, ni da zan dasa don wasu su sha, gaggawar me nake?" Da suka kama, shi ya ɗora su a babur ya kai mata, ya haƙa ramin da kansa.

Ya rasu da sauran alkawari a rumfa. Tun ba a yi sadakar uku ba, wayarsa ta fara ƙara, wani yana ta'aziyya a gaba, tambayar dashe a baya. Matarsa, Malama Hauwa, wadda ta daɗe tana ɗaura aure tare da shi har hannunta ya faɗa, ta sa aka kira ni bakin ƙofa. Daga bayan labule ta ce, "Malam, ka sanar da su. Mai son kuɗinsa ya zo, ba za mu bar marigayi da nauyin kowa a kabari ba. Mai son itacen kuwa ya jira. Ni zan ci gaba da ban ruwa, kuma ko ɗaya ba zai fita gidan nan ba sai ya kama." Na sanar kamar yadda ta ce, ban rage ko kalma ba.

Ya Allah, ga bawanKa Idi ya zo gare Ka. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa makwanci, Ka sa duk inuwar da ya dasa ta zame masa sadaka mai gudana. Ka ba Malama Hauwa da 'ya'yansa juriyar wannan rashi, Ka tsare musu mutuncinsu, Ka buɗa musu ta inda ba su zata ba. Mu da muka rage, Ka kyautata namu ƙarshen. Amin.