Badaru da Rumbun Barira

A wani ƙauye arewa da Tsanyawa, inda gonaki suka matsu har kunyar wani ke leƙa ta wani, akwai 'yan gidajen Kirista, jikokin Maguzawa, da majami'arsu ta jinka. Badaru ne dattijon majami'ar. Ba karatu ne ya kai shi ba, murya ce. In ya durƙusa addu'a, har awakin maƙwabta sai sun daina tuƙa.

Tun yana saurayi yake da wata baiwa: bai taɓa roƙon a yi nufin Ubangiji ba, face ya tashi ya tarar nufin ya zo daidai da abin da ya riga ya shirya. Nufin Allah ne ya sa ya sayar da jakin gado ya sayi rediyo. Nufin Allah ne yake sa masa ciwon baya lokacin noman farko, ya ɗauke masa ranar kasuwa. Wasu sai su yi ta azumi ba su ji komai ba, shi kuwa amsarsa kan iso kafin ya ce amin.

Matarsa Barira ba ta da wannan baiwa, kuma yana tausaya mata. Yadda suka gada, gandu na maigida ne, mace kuma tana da gayaunarta, 'yar gonar kanta, da rumbunta, wanda miji ba ya leƙawa. Shiga addinin Kirista bai taɓa wannan al'ada ba, duk da Badaru ya sha yin addu'a a kai.

Sai shekarun fari suka zo. Kakar da ta wuce ba ta tsinana komai ba, gidaje sun koma cin tafasa da rama, abin da ya rage wa kowa shi ne iri. Damina ta yi jinkiri. Ran wata Lahadi Badaru ya miƙe ya sanar cewa an nuna masa ya yi binne, ya zuba iri a busasshiyar ƙasa ya jira ruwa. Binne ba baƙon abu ba ne, amma mutane kan zuba kaɗan su ajiye saura. Badaru ya ce ajiye saura rashin bangaskiya ne, ya juye nasa duka. Maƙwabcinsa na gona, Malam Tasi'u, Musulmi, ya tsaya a kan iyaka ya roƙe shi ya rage ko ƙwarya guda. Badaru ya dube shi da tausayin da yake yi wa duk wanda ba a magana da shi daga sama.

Yayyafi ya sauka, wanda ya isa ya ta da iri amma bai isa ya raya shi ba. Tsiro ya leƙo, rana ta ƙone shi.

Badaru bai karaya ba. Ya sake durƙusawa, amsa ta iso da saurinta: mace ta yi wa mijinta biyayya. Geron da ke rumbun Barira shi ne iri na ƙarshe a gidan. In ya bi na farko, sai su naɗe tabarmi su bi ayarin masu gangarawa Kano.

"Barira, na kai maganar gaban Ubangiji. Ya ce ki buɗe rumbu, gobe zan sake binne."

"To, maigida. Ni ma na kai."

"Me ya ce miki?"

"Bai ce komai ba tukuna. Ina jira."

Badaru bai taɓa jin irin wannan ba. Ya kai ƙara wajen mai bishara, wani matashi, wanda ya ce masa jira ma biyayya ce. Badaru ya fahimci yaron bai nuna ba a ruhaniya. Ya zagaya rumbun, ya auna tsayinsa, ya tuna dariyar da za a yi wa dattijon da aka gani rabinsa a cikin rumbun mace. Nan take aka nuna masa cewa haƙuri ma nufin Allah ne.

Kowace safiya yakan ga Barira durƙushe a gindin rumbun, bakinta na motsi, ba a jin komai. Ta gaya masa ba ta san ko ruwa zai zo ba. In bai zo ba za ta daka geron wa yara, ta gode. Wannan addu'ar da ba ta da tabbas ta fi komai ɓata masa rai.

Ruwa na gaske ya sauka a makare. Barira ta ɗauki sungumi ta shuka gayaunarta da gefen gandu, ciwon bayan Badaru kuwa ya motsa. Abin da aka girbe bai taka kara ya karya ba, amma ya riƙe gidan, har aka ware iri.

Ranar godiyar kaka Badaru ne ya ɗauki damin gero zuwa majami'a, bayansa garau. Ya ba da shaida mai tsawo, yadda aka nuna masa ya raba irinsa biyu, ya ɓoye rabi a rumbun iyalinsa. Barira ta ce amin tare da kowa. Da suka koma gida ta kwaɓa laka, ta ƙara yaɓe bakin rumbunta.