Mutumin da Ya Riƙe Mana Hanyar Kichi-Saz

Kowace safiya, daga ranar da dusar ƙanƙara ta saki ƙasa har zuwa ranar da za ta dawo, Toktosun yakan sha shayi kofi biyu a tsaye, ya dangwali man shanu da burodi, ya ɗaura wa goɗiyarsa sirdi. A jakar dama akwai gwangwanin jan fenti da buroshi, a ta hagu gatari da igiya da 'yan dunƙulen busasshen cuku. Ƙarfe bakwai ba ta taɓa samunsa a cikin ƙauye ba. Yakan wuce ta ƙofar gidana, ya bi bakin kogi, ya shige gandun dajin Kara-Shilbi, ba a sake ganinsa sai bayan la'asar, hannuwa jawur kamar wanda ya yi fiɗa. Shekara talatin da takwas ke nan yana haka. Aikinsa shi ne kula da hanyoyin gandun: ta masu tafiya a ƙasa, ta mahaya dawaki, da ta masu keken hawan dutse. A ƙarshen kakar nan ya ajiye aiki, ni kuwa na rantse ba zai tafi shiru ba, ko yana so ko ba ya so.

Bari in fara da laifina, don ni Kalicha na yi shekara talatin ina koya wa 'ya'yan mutane faɗin gaskiya a aji. Shekara goma sha ɗaya na yi ban gai da mutumin nan ba.

Mu mutanen Kichi-Saz ne, makiyayar nan ta can sama bayan mashigin dutse. Can aka haife ni, can muke kafa bukkokinmu duk lokacin ɗumi, muna tatsar goɗiyoyi. Da aka mayar da kwarin gandun daji sai aka ce dabbobi su sauka, mutane su sauka. Muka kwaso tukwane da darduma muka sauko, amma kabari ba ya hawa doki. Mahaifiyata tana can. Burulkan, matar Toktosun, ita ma tana can. Ta rasu a zamanmu na ƙarshe, shekararsu biyu kacal da aure. Ba a yi wata uku da saukowarmu ba sai ga Toktosun sanye da rigar ma'aikatan gandu. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce wannan wane irin mutum ne, ƙasar kabarin matarsa ba ta bushe ba ya koma yi wa waɗanda suka tashe mu aiki? Idan ya ce mini sannu sai in juya in kalli kaji.

Abin da ban sani ba, kuma bai taɓa buɗe baki ya faɗa wa kowa ba, shi ne ƙa'idar gandun. Duk hanyar da ba ta da mai kula da ita, ana goge ta daga taswira, inda kuma babu hanya a taswira babu mai izinin shiga. Ya ji an karanta wannan a wurin taro, mu muna can muna ta fushi ba mu saurara ba. Shi ya sa ya karɓi rigar.

Ranar da na gane, mahaifina ne ya kwanta ciwo, ya kafe sai ya ga kabarin matarsa kafin ya bi ta. Na yi ta lallashinsa cewa hanya ta mutu, daji ya cinye ta. Washegari da hantsi sai ga Toktosun a ƙofarmu da dawaki uku.

"Kalicha, ɗauko wa ata bargo, sama akwai iska," ya ce, yana nufin mahaifina.

"Wa ya aike ka?"

"Katangarku ba ta da kauri. Ɗauko bargon."

Muka hau. Ina jiran in ga sarƙaƙiya, sai na ga hanya fes, an sassare rassa, an kawar da duwatsu, gadojin katako huɗu duk sababbi. Da muka isa maƙabarta na kasa sauka daga doki. An yanke ciyawa, an gyara duwatsun kowane kabari, ba na Burulkan kaɗai ba, har da na uwata, uwar wadda ba ta amsa masa gaisuwa. Mahaifina ya yi karatu, muka soya 'yar gurasa a mai kamar yadda aka saba yi wa mamata a wurinmu don ƙamshi ya tashi, ni kuwa kuka na yi ta yi, rabi na kewa rabi na kunya. A hanyar dawowa na kira shi yaya da yarenmu, na ce, "Baike, ka yafe mini." Ya ce, "Riƙe linzami da kyau, nan gaba akwai santsi." Iyakar abin da ya ce a kan maganar ke nan har yau.

To amma kada ku zaci waliyyi nake ba ku labari. Toktosun ya tafka kuskuren da har gobe ake yi masa dariya a kai. Shekarun da baƙi masu jakar goyo suka fara zuwa yawon tsauni, ofishin gandu ya ce a shafa alamun fenti a hanya. Ya shafa, tsaf, daga bakin kogi har mashigin dutse. Sai baƙi suka dinga ɓata. Wasu mata biyu suka yini suna zagaye a cikin itatuwan archa, aka samo su da yamma suna cewa ko alama ɗaya ba su gani ba. Toktosun ya fusata, ya ce makafi aka aiko masa. Abokin wasansa Jumakadir, makiyayin nan mai bakin tsiya, ya bi shi don ya gani da idonsa. Ya dawo yana riƙe da ciki.

"Jama'a, ku zo ku ji! Daga kan sirdi ya shafa su! Kowace alama tana can sama, sai dai tsuntsu ya karanta. Kai Toktosun, baƙin nan raƙuma aka ce maka?"

"To ni na san mutum mai hankali zai hau dutse da ƙafa?" in ji Toktosun. "Ga dawaki Allah Ya yi."

Gaskiyarsa ce ta wani gefen. A wurinmu namiji ko gidan maƙwabci zai je sai ya hau, wanda aka gani a ƙasa kuwa tambayarsa ake yi ko dokinsa ya mutu. Amma washegari mutumin nan ya ɗaure goɗiyarsa a gida, ya rataya gwangwanin fenti, ya ratsa tsakiyar ƙauye da ƙafa, dattawa na zaune suna kallo. Jumakadir ya ɗaga murya: "Allah Ya jiƙan goɗiya! Yaushe za a yi sadaka?" Bai waiwaya ba. Wata biyu ya yi yana taka hanyoyin nan ɗaya bayan ɗaya, yana shafa sabuwar alama daidai idon mai tafiya, ƙarƙashin tsohuwar.

Da masu keke suka zo, sai aka koma gidan jiya. Su ƙasa suke kallo, ga gudu, kafin su ɗaga kai sun wuce kwana. Wani injiniya daga Bishkek, babban birninmu, ya faɗa cikin rafi ya karya ƙashin kafaɗa, Toktosun ne ya ɗauko shi a kan goɗiya. Mutumin ya ce ba ya son sake ganin keken, ya bar masa shi. Toktosun yana da shekara sittin da ɗaya a lokacin, bai taɓa hawa keke ba. Ni da idona na gan shi a bayan makaranta, da farar hularsa, yana faɗuwa yana tashi, yana ce wa keken "tsaya" kamar zai ji. Na ce, "Baike, girma fa ya kama ka." Ya ce, "Sai na ga abin da suke gani, Kalicha. In ba haka ba wani zai mutu, in wani ya mutu su rufe hanya." Shi ya sa yau idan ka shiga Kara-Shilbi za ka ga alama uku-uku a kowace kwana: ɗaya a sama ta mahayi, ɗaya a tsakiya ta mai ƙafa, ɗaya a kan dutse dab da ƙasa ta mai keke.

Kai ne, Toktosun, ka gane abin da mu masu karatu ba mu gane ba: hanyar da baƙi ke takawa ita ce ofis ba ya mantawa da ita. Kai ne ka sauka daga sirdi a gaban sa'o'inka, ka sha dariya, don kada a raba mu da matattunmu. Kowane baƙo da ya ɗauki hoto a mashigin dutse ya koma gida lafiya, bai san ya ƙara wa kabarin uwata shekara guda ba, amma kai ka sani. Mai jan hannu, mai gajeriyar magana, ban san da wane baki zan gode maka ba.

Yanzu gwiwoyin sun gama. Tafiyar ƙasar da bai saba da ita ba ce ta cinye su, likita ya faɗa, Jumakadir kuma ya ce ai ya gaya masa. Ko hawa sirdi sai an ɗaga shi, idanun ma sun fara hazo. A makon ƙarshe na aikinsa ya ce zai je ya yi wa Burulkan sallama kafin hunturu. Muka tafi mu uku, ni da shi da Jumakadir. Mun wuce gada ta uku, inda hanya ke miƙewa tsaye sai an sauka an ja doki, ya sauka, ya yi taku bai fi ashirin ba, ya zauna a kan dutse. Ya daɗe yana kallon mashigin. Daga nan ana hango shi sarai, kamar ka miƙa hannu ka taɓa.

"Tashi in goya ka, tsohon banza," in ji Jumakadir.

"Ka goya wa? Kai da ko buhun gari ba ka iya ɗauka." Ya yi 'yar dariya, sannan ya ciro buroshi daga aljihu ya miƙo mini. "Ku je ku. Alamar bakin maƙabarta ta koɗe, ki sabunta ta. Kalicha, in kin isa ki ce mata gwiwa ce. Kada ta zaci mantuwa na yi."

Na faɗa mata. Na tsaya a kan kabarin yarinyar da ta mutu tana da shekara ashirin da biyu, na ce mata mijinki ya tsufa, yana nan ƙasa kaɗan a kan dutse, gwiwa ce ta hana shi. Da muka sauko muka same shi inda muka bar shi, fuskarsa na kallon sama.

Ga inda maganar take yanzu. Ofis ba zai ɗauki wani a gurbinsa ba don hanyar sama. Sun ce nisa ya yi yawa. Amma sun yarda da abu ɗaya: idan mutanen ƙauye suka ɗauki nauyinta, aka gyara gadoji huɗun nan aka sabunta alamu kafin a buɗe gandu a watan Mayu, za ta zauna a taswira. In ba a yi ba, za a goge ta, kuma daga ranar babu ɗayanmu da zai sake ganin Kichi-Saz. Mutum ɗaya ya riƙe mana ita shekara talatin da takwas, muna zaune muna shan shayi, wasunmu ma muna zaginsa.

Mun gode, baike. Allah Ya saka maka, Ya ba ka sauƙin ƙafa, Ya sa hanyarka ta gobe ta fi wadda ka share mana kyau.

Ku kuma 'ya'yan Kichi-Saz, na ƙauye da na Bishkek da waɗanda neman abinci ya kai Rasha, ku dawo ko na mako guda ne. Ku zo da gatari da igiya, fenti muna da shi. Asabar ta farko bayan ƙanƙara ta narke za mu taru a ƙofar gidansa da ƙarfe bakwai. Jumakadir ya riga ya fara haɗa makarar ɗaukar marar lafiya da sanduna biyu da bargo, yana ta mita wai ya san shi za a bar wa gefen nauyi. Ana bukatar maza takwas masu ƙarfin kafaɗa, huɗu su ɗauka huɗu su karɓa, daga gada ta uku zuwa sama. Na kai saƙonsa sau ɗaya, ba zan sake ba. Wannan karon shi zai faɗa mata da bakinsa.